Hurumin Da Ba A Sayarwa

Karatun wannan mako: Littafin Ƙidaya 35:1-8, da Littafin Firistoci 25:23-34. Ayar haddacewa ita ce Littafin Firistoci 25:23. Shugaban ƙungiya ya sa a karanta wuraren nan biyu da murya tukuna, kowa da Littafinsa buɗe a hannu, sa'an nan a shiga darasi.

Gabatarwa

Akwai surori cikin Attaura ta Musa waɗanda mu kan wuce su da hanzari, gama cike su ke da ƙidaya da awo, har mu kan zaci babu abincin rai a cikinsu. Sura ta 35 ta Littafin Ƙidaya, wanda tsofaffinmu suka sani da sunan Littafin Lissafi, tana cikin irin waɗannan. Amma wanda ya ke zaune a garin da ke ta yaɗuwa, ya ga fadama ta zama unguwa, rafin da ya yi wanka ciki yana yaro kuma ya koma kwata, in ya karanta surar nan da natsuwa zai iske maganar ƙofar gidansa a ke yi. Koyarwarta ita ce, Allah wanda ya yardar wa mutane su gina birni, shi ne kuma ya umarta a bar wa birnin fili wanda ba za a yi gini a kansa ba, ba kuwa za a sayar da shi ba.

1. Awon da aka yi tun ba a sa tubali ba

Sa'ad da Ubangiji ya ba Musa wannan umarni, Isra'ilawa suna zango a filayen Mowab, a bakin Urdun, daura da Yariko. Ba su haye kogin ba tukuna. Babu wanda ya haƙa harsashin ɗaki, babu wanda ya kafa turken akuya a ƙasar alkawari, amma an riga an auna filin da za a bari. Abu na fari da ya kamata mu lura da shi ke nan: fili irin wannan tun gaba a kan keɓe shi, gama in an jira sai gari ya cika, babu sauran abin keɓewa.

Kabilar Lawi ba ta sami yankin ƙasa kamar sauran kabilai ba, domin hidimar Ubangiji ita ce rabonta. Saboda haka aka ce kowace kabila ta ɗiba daga gadonta ta ba Lawiyawa garuruwan zama, babbar kabila da yawa, ƙarama kaɗan, jimla garuruwa 48. Shida daga cikinsu garuruwan mafaka ne, inda wanda ya yi kisa ba da gangan ba zai gudu ya tsira. Kowane gari kuwa abu biyu ne a haɗe, gidajen zama, da filin da ya kewaye su domin shanu da tumaki da sauran dabbobi. Aka ce a auna kamu 1,000 daga garu zuwa waje, a kuma auna kamu 2,000 ta gabas da kudu da yamma da arewa, garin yana tsakiya. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamar yadda tsofaffi su ke auna ƙyalle, kamu 1,000 kuwa ya kusa rabin kilomita.

Wanda ya buɗe Joshuwa sura 21 zai ga yadda aka cika umarnin. An jera sunayen garuruwan ɗaya ɗaya, Hebron da Shekem da Gezer da Kedesh da sauransu, kowane suna kuwa sai an haɗa shi da filinsa, har mai karatu ya gaji da maimaitawa. Ruhu Mai Tsarki bai gaji ba, gama a wurinsa garin da ba shi da fili rabin gari ne.

Kalmar da aka mora a Ibraniyanci domin filin nan ita ce migrash. Mu da mu ke aikin juya Littafi zuwa harsunan ƙasar nan mun iske Hausa ba ta rasa kalmar da ta dace da ita ba, watau hurumi. Hurumin gari shi ne filin nan na bakin gari wanda kowa ya san ba na wane ba ne, na gari ne. Nan a ke kiwo, nan burtali ya ke bi, nan mata su ke tsintar itace, yara kuma su yi wasa. Ko mai unguwa bai isa ya sayar da shi ba. Kabilun duwatsu ma suna da irin nasu, kurmin da ba a sara da bakin rafin da ba a nomawa. Ashe abin da aka umarci Isra'ila ba baƙon abu ba ne gare mu.

2. Abin sayarwa da abin da ba na sayarwa ba

Littafin Firistoci sura 25 ya rarrabe dukiyar ƙasa daki daki. Mutum in talauci ya kama shi yana iya sayar da gonarsa, amma sai ta komo hannunsa a shekara ta 50, shekarar murna. Watau yawan girbin da ya rage shi ne ya sayar, ƙasar kanta tana nan. Gida cikin birni mai garu, in an sayar, mai shi yana da shekara guda ya fanshe shi, in ta wuce ya zama na mai saye. Gidajen Lawiyawa kuwa ana iya fansarsu kowane lokaci. Amma da aka zo kan hurumi, a aya ta 34, aka rufe ƙofa ɗungum. Ba a sayar da shi ko na shekara ɗaya, ko da mai bukata ya matsu, ko da mai saye ya ninka kuɗi.

Dalilin yana cikin ayar haddacewarmu. Ubangiji ya ce shi ne mai ƙasar, mutane kuwa baƙi ne da ya sauke a cikinta. Kowane manomi ya san hukuncin gonar aro. Wanda aka ba aro ya kan noma, ya girbe, ya ci da iyalinsa, babu mai hana shi. Amma bai isa ya sayar da ita ba, bai kuwa isa ya sare ɗorawar da ya tarar a tsakiyarta ba. Haka mu ke a gaban Allah, da mai takardar fili da wanda ba shi da ita.

Malaman Yahudawa na dā sun fahimci dokar haka. Cikin Mishna, littafin da ya tattara koyarwarsu, an hana mai da hurumi gona, an kuma hana mai da shi gari. Rashi, babban mai sharhinsu wanda ya zauna a Faransa, ya rasu a 1105, ya bayyana cewa an bar filin domin ya ƙawata birni, ba a gina ɗaki a cikinsa, ba a dasa inabi, ba a shuka.

Annabawa suka riƙe wannan. Ishaya, a sura 5 aya 8 zuwa 10, ya furta kaito a kan mawadatan da su ke ta haɗiye gidaje da gonakin maƙwabta har babu sauran wuri ga kowa sai su kaɗai, ya ce ƙarshen manyan gidajen nan kango ne, ƙasar kuma za ta hana amfaninta. Ezekiyel, yana bauta a Babila, aka nuna masa birnin da za a sabunta, a sura 48 kuwa an auna wa birnin fili kamu 250 ta kowane gefe. Har Sabuwar Urushalima ta Wahayin Yahaya sura 22, wadda ta fi kowane birni girma, kogi ne ke gudu a cikinta, da itacen rai a gefensa. Tun daga Musa har zuwa Yahaya, Allah bai taɓa zana birni ya mance da ruwa da itace ba.

3. Abin da ya faru a tudun Jos

Bari mu ɗauki wurin da yawancinmu muka sani. Jos tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, ana kuwa samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, yawancinsa tsakanin Afrilu da Oktoba. Sau biyu ƙasar nan ta ga bunƙasa mai sauri, dukansu biyu kuwa sun bar tabo.

Ta fari ita ce haƙar kuza. Mutanen ƙasa sun daɗe suna narka kuza kafin zuwan Turawa, amma daga farkon ƙarni na 20 kamfanoni suka shigo da babban aiki. A 1914 ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso Jos, ta yi aiki har 1957. Dubban mutane suka zo neman abinci, Bukuru da Barikin Ladi suka cika, aka sami kasuwanni da makarantu da asibitoci, bishara ma ta bi ta hanyoyin nan. Ba mu musun wannan alheri. Amma aka kwashe ƙasar sama mai taki aka binne ta ƙarƙashin tsibin yashi da yumɓu, aka karkatar da rafuffuka. Bayan dokar ma'adinai ta 1946 an yi ƙoƙarin cike waɗansu ramuka a dasa itacen turare, amma kaɗan ne aka gyara cikin abin da aka ɓata. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, sai aka bar ƙasa fiye da murabba'in kilomita 300 a lalace. Cikin jinƙan Allah masu lambu suna ban ruwa daga waɗansu ramukan da rani, suna fitar da kabeji da karas da tumatir. Amma ramukan nan kuma sun ci yara da dabbobi, gonakin acca da su ke wurin a dā kuwa ba su komo ba. Waɗanda suka kwashi ribar sun tafi, jikokin masu ƙasar su ne ke zaune da ramukan.

Ta biyu ita ce yaɗuwar gini. Jos ta zama babban birnin jihar Binuwai da Filato a 1967, ta kuma zama ta jihar Filato a 1976. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka yi ta ƙaruwa. Rigingimun da suka soma daga 2001 kuma suka tilasta wa mutane da yawa su bar unguwanninsu su nemi matsuguni ko'ina aka samu. Gidaje suka hau duwatsu, suka gangara fadamu, suka matse kogin Dilimi da ƙananan rafuffukan da ke zuba cikinsa. A watan Yuli na 2012 aka yi ruwa mai ƙarfi, madatsar ruwa ta Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare, mutum fiye da 30 suka mutu, gidaje masu yawa suka rushe.

Kada wani ya ce waɗanda suka mutu sun fi sauran mutanen gari zunubi. Ubangijinmu ya hana irin wannan magana sa'ad da ya ambaci mutum 18 waɗanda hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, a Luka sura 13. Amma ya kamata mu san yadda Allah ya shirya ƙasa ta yi aiki. Ruwan sama in ya sauka a kan ciyawa da itatuwa, ganye ya kan rage ƙarfinsa, saiwoyi su riƙe ƙasa, ruwan ya nutse a hankali ya cika rijiyoyi, ya riƙa tsattsafowa cikin rafi har rani. In kuwa ya sauka a kan kwano da siminti da kwalta, babu abin da ke shanye shi, sai ya taru gaba ɗaya cikin sa'a guda ya nemi tsohuwar hanyarsa. Fadama ita ce wurin da kogi ya ke shimfiɗa ƙafa sa'ad da ya cika. Wanda ya yi gini cikinta ya gina ne a ɗakin kwanan kogi, mai ɗakin kuwa zai komo. Shi ya sa garin da ya cinye huruminsa ya kan sha ambaliya da damina, rijiyoyinsa kuma su ƙafe da rani, tushen abu biyun ɗaya ne.

Ba kuwa mutanen Jos kaɗai abin ya shafa ba. Daga tudun nan kogin Kaduna ya ke tasowa ya je ya zuba cikin Kwara. Daga nan Gongola ya ke tasowa ya sadu da Binuwai a Numan. Ruwan Dilimi kuma ya kan bi arewa, ta Jama'are, ya nufi Tabkin Cadi. Abin da aka yi wa mafarin ruwa a Filato, masunci da manomin da ba mu taɓa gani ba su ne za su sha shi. Su ma maƙwabtanmu ne waɗanda aka umarce mu mu ƙaunace su.

Akwai kuma abin godiya. A 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka keɓe gandun namun daji na Jos, wajen murabba'in kilomita 8. A lokacin nan bayan gari ya ke, gari kuwa ya zo ya same shi. Da ba a keɓe shi tun wuri ba, da yau babu shi. Haka kuma kurmin Amurum kusa da Laminga, wajen hekta 300, wanda mutanen wurin suka riƙe ba su sare ba. A 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a wurin tare da Jami'ar Jos, an kuwa ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 300 a cikinsa. Waɗannan su ne kamu 1,000 na zamaninmu.

4. Takarda kaɗai ba ta tsare fili

Wani zai ce, ai maganin abin shi ne gwamnati ta zana taswira mai kyau. Taswira tana da amfani ƙwarai, amma mu dubi Abuja. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yanke shawarar gina sabon babban birni a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu. A 1979 aka gama babban tsarin birnin, aka kuwa bar kaso mai yawa na ƙasarsa domin duwatsu da bakin rafuffuka da lambunan shan iska. Kamar a filayen Mowab, an yi awo tun ba a sa tubali ba. Gwamnati ta ƙaura can a Disamba 1991, a 2003 kuma Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe lambun Millennium. Duk da haka filaye da yawa da aka rubuta ba na gini ba ne suka zama na gini, fili bayan fili, kowanne da takardarsa da sa hannun wani. A 2023 ruwa ya mamaye gidaje a Lugbe, inda gini ya matse hanyar ruwa.

Dokar ƙasa ta 1978 ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana domin dukan mutane. Kalmar amana tana da kyau, ta kuwa yi kusa da abin da Littafin Firistoci ya koyar. Amma amana ba ta fi zuciyar mai riƙonta ƙarfi ba. Ahab ma ya san shari'ar gado sarai sa'ad da ya yi ƙyashin gonar inabin Nabot a Yezreyel, kamar yadda 1 Sarakuna sura 21 ta faɗa. Da wasiƙu masu hatimin sarki, da dattawan gari, da shaidu biyu aka ƙwace ta, kome bisa ƙa'ida ga idon mutane. Iliya ne aka aiko ya faɗi yadda abin ya ke ga idon Allah. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, wahalar kuwa sau da yawa ba mai kwaɗayin ba ne ya ke fara shanta.

5. Tambayoyi uku da a kan yi

Na ɗaya ya ce, mutane suna bukatar wurin kwana, yaya za a bar ciyawa a hana ɗan Adam? Wannan tambaya ce mai nauyi, kada a raina ta. Allah ba ya gāba da gini. Ta bakin Irmiya, a sura 29, ya gaya wa waɗanda aka kai Babila su gina gidaje, amma cikin numfashi ɗaya ya ce su dasa gonaki, su kuma nemi zaman lafiyar birnin. Mu tambayi kanmu kuma, wa ya fi shan wuya in hurumi ya tafi? Mawadaci yana da rijiyar burtsatse da na'urar sanyaya ɗaki da fili cikin shingensa. Matalauci ne ba shi da inuwa sai ta itacen bakin hanya, 'ya'yansa ba su da wurin wasa sai filin gari, shi ne kuma a kan sayar wa fili mai araha a bakin rafi. Tsaron hurumi tsaron matalauci ne. Ikkilisiyar da ta ce wa gwauruwa kada ta yi gini a fadama kuwa, wajibi ne ta taimake ta ta sami wuri a tudu.

Na biyu ya ce, kurmin ƙauyenmu wurin tsafi ne a dā, ashe ba daidai ba ne mu sare shi? Gaskiya ne an umarci Isra'ila su rushe bagadan gumaka su ƙone ginshiƙan Ashera. Amma abin da aka hukunta shi ne sujada ga abin da ba Allah ba. Itacen kansa aikin hannun Ubangiji ne, tun rana ta uku aka halicce shi aka ce yana da kyau. Ibrahim ya dasa itace a Biyer-sheba ya yi kira ga sunan Ubangiji a wurin, Farawa 21:33. Maimaitawar Shari'a 20:19 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko na abokan gāba a lokacin yaƙi. Mai bi wanda Almasihu ya 'yantar ba ya tsoron kurmi, saboda haka ba ya bukatar gatari ya nuna 'yancinsa. A bar tsafi, a bar wa kurmin itatuwansa, a shiga ciki a yabi Mahalicci.

Na uku ya ce, duniyar nan mai wucewa ce, ina ruwanmu da itatuwa? Jikinmu ma mai mutuwa ne, amma muna gina asibiti. Bawan da ya ce maigida yana dawowa, saboda haka bari in bar gidan ya lalace, bai fahimci dawowar maigidan ba.

6. Abin da ya wajaba a kanmu

Shari'a daga gidan Allah ta kan soma. A lura fa, dokar hurumi ga Lawiyawa aka ba da ita, watau masu hidimar Ubangiji, waɗanda aka warwatsa cikin dukan kabilai domin kowa ya ga misali a wurinsu. Ikkilisiyoyi da yawa suna da manyan filaye da aka ba su tun shekaru masu yawa, da mangwaro da maɗaci da atili waɗanda masu bi na fari suka dasa. Yau majalisar dattawa ta kan zauna ta ce a sare su a jera shaguna, ko a malale harabar duka da siminti domin motoci. Ba mu ce kada a faɗaɗa majami'a ba. Amma kafin a kira mai gatari, sai dattawa su auna rabon da za a bari, su rubuta shi cikin littafin ikkilisiya, su sanar wa jama'a, domin waɗanda za su gaje su su san ba na sayarwa ba ne.

Sa'an nan akwai 'yan'uwanmu waɗanda Allah ya sa a wurin da a ke yanke maganar ƙasa, masu awon fili, da ma'aikatan ofishin tsara gari, da masu unguwa, da dillalan filaye, da magina. Ɗan'uwa, sa hannunka guda yana iya rufe hanyar ruwa ta unguwa ɗungum. In aka kawo maka takardar filin da ka san fadama ce ko filin makaranta, aka haɗa da goro, ka tuna da dattawan Yezreyel. Ƙin sa hannu yana iya jawo maka ƙiyayya, ko a ɗauke ka daga kujerarka. Ikkilisiya kuwa ta tsaya tare da irin wannan ɗan'uwa, ta yi addu'a dominsa, kada ta bar shi shi kaɗai, kada kuma ta karɓi baiko daga kuɗin da ta san na sayar da hurumi ne.

Mai sayen fili ya je ya duba shi a watan Agusta, ya tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya kan kai. Mai gini ya bar wani sashi na gidansa ƙasa ce tsirara inda ruwa zai nutse, ya dasa itace ko biyu. Zumuntar mata da ta matasa su ɗauki bakin rafi ɗaya su kiyaye shi daga shara, su dasa, su kuma yi ban ruwa har rani biyu, gama dashen da ba a bi shi da ruwa da shinge ba abincin awaki ne. A cikin wannan aiki kuma mu nemi maƙwabtanmu Musulmi da sauransu mu yi tare. Ambaliya ba ta tambayar addinin mai gida, inuwar tsamiya ma haka.

Kammalawa

A gabashin Urushalima, ƙetaren rafin Kidron, akwai wani lambu a gindin Dutsen Zaitun. Yahaya ya gaya mana Yesu ya saba zuwa can da almajiransa. Ba mu san mai lambun ba, ba a rubuta sunansa ba. Abin da muka sani shi ne, a bakin birni mai cunkoso an bar wani wuri ba a gina ba, a can kuwa Mai Cetonmu, wanda ba shi da ɗakin kansa, ya sami inda zai durƙusa a daren da aka bashe shi. A lambu kuma aka sa jikinsa, a lambu ya tashi. Wanda ya fanshe mu da jininsa shi ne mai ƙasar da mu ke zaune a kai, zai kuwa tambaye mu yadda muka riƙe ta. Bari ya iske mu amintattu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me aka auna hurumin Lawiyawa tun Isra'ila ba su haye Urdun ba?
2. Ina bambanci tsakanin hukuncin gona, da na gida cikin birni, da na hurumi, a Littafin Firistoci sura 25?
3. Waɗanne filaye ne na kowa da kowa a garinku sa'ad da ku ke yara? Nawa suka rage?
4. Su wa suka taimaki Yezebel ta ƙwace gonar Nabot? Su wa ke tsaye a matsayinsu yau?
5. In ɗan ikkilisiya matalauci ya sayi fili a hanyar ruwa, me ya kamata dattawa su yi?

Aikin mako

Mutum uku daga ƙungiya, har da tsoho ko tsohuwa guda, su zaga filin ikkilisiya su ƙidaya itatuwan da ke ciki, su tambayi wanda ya dasa su, su kawo labari mako mai zuwa.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Mai sama da ƙasa, kai ka sauke mu baƙi a ƙasarka, ka ciyar da mu daga cikinta. Ka ta'azantar da waɗanda ruwa ya cinye musu 'yan'uwa da gidaje. Ka ba masu mulki da masu awo zuciya mai tsoronka. Ka tsare mu daga kwaɗayin Ahab, ka koya mana mu san iyaka, domin 'ya'yanmu su sami inuwa da ruwan sha da wurin yin addu'a. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.